Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Na'urorin Da Suka Cece Ni Daga Gansakuka A Tankin Murjani, Da Waɗanda Suka Ci Min Kuɗi Kawai

Yau mun ɗan ajiye wayoyi da laftof gefe, za mu leƙa cikin ruwa. Waɗanda suka kalli bidiyoyinmu na baya sun ga wani akwatin gilashi mai shuɗin haske a bayana, har wasu suna tambaya ko talabijin ce. Tankin murjani ne, lita 200, ruwan gishiri irin na teku, yana zaune a falona a unguwar Edmonton da ke arewacin Landan. Ba Edmonton ta Kanada ba, wannan tamu ce ta ƙaramar hukumar Enfield. Idan kana son na'urori, wannan harka za ta kama ka, don akwai fitilar da ake sarrafawa da manhaja, akwai sensa, akwai injinan tura ruwa, akwai mitoci kala-kala. Haka kuma za ta iya kwashe maka albashi ka wayi gari kana kallon kududdufi a falonka. Ni ta yi min, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin da kuma hukuncina a kan kowace na'ura.

Da farko, murjani dabba ne

Yawancinmu mun san murjani a matsayin jan dutsen ado da iyayenmu mata ke sawa a wuya. Amma a teku halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke zaune a cunkushe, yawancinsu suna gina wa kansu ƙashi mai kama da alli. Abin mamakin shi ne a cikin naman jikinsu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai dangin gansakuka, su ne ke karɓar haske su haɗa abinci su ba murjanin. Wato mai tankin murjani yana kiwon gansakuka iri ɗaya da gangan, yana yaƙi da sauran. Duk abin da za ka yi don kashe ta wajen, sai ka tambayi kanka me zai yi wa ta cikin. A nan wahalar take.

Ita kuwa ta wajen idan ta yi ƙarfi, tana lulluɓe murjani ta tare masa haske, ta hana shi buɗewa, a hankali ya mutu. Guntun murjani ɗaya kamar ɗan yatsa kan kai fam 20 zuwa 50 a shago, wasu sun fi haka nesa. Ka lissafa guda goma.

Kuskuren da na yi

Na fara da abin da ido ke so. Fitilar LED mai tsada, injin kaɗa ruwa mai Wi-Fi, har da manhajar da ke kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta. Na'urar tace ruwa kuwa na ce sai wani wata. Ruwan farko na sayo shi a jarka, amma kullum ruwan tanki yana raguwa saboda iska na shanyewa, sai in ɗebo na famfo in cika. A raina ai ruwan Landan ne, ana sha, me zai yi?

Wata uku ba su cika ba duwatsuna suka tsiro da koren gashi. Na goge, ya dawo. Na rage fitila, ya dawo. Na sayi wata kwalbar magani da aka rubuta alƙawura a jikinta, ya yi kamar ya mutu, mako biyu ya dawo da 'yan uwansa. Murjani huɗu suka tafi kafin in zauna in yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato in auna ruwan da nake zubawa.

Abin da ke cikin famfon Edmonton

Kada a fahimce ni baibai, ruwan lafiyayye ne ga ɗan Adam, laifin nawa ne da na ba murjani. Kamfanin Thames Water ke ba wannan yanki ruwa, kuma yawancin ruwan Landan daga kogin Thames da kogin Lea ake ɗebo shi. Idan ka nufi gabas daga Edmonton za ka tarar da manyan tafkunan ajiyar ruwa guda biyu a kwarin Lea, King George V da aka buɗe a 1913 da William Girling da aka kammala a 1951. Ruwan wannan yanki ya ratso ta ƙasa mai alli, shi ya sa yake da nauyin ma'adinai. Duk wanda ya zauna a nan ya san farin ɓawon da ke taruwa a butar lantarki. Ka tsoma mitar TDS, mai auna jimillar abin da ya narke a ruwa, a Landan za ka ga lamba a ɗaruruwa, sau da yawa kusa da 300.

Abu biyu ne suka fi damun mai murjani. Na farko naitiret, wanda yawanci takin gonaki ke kawowa cikin koguna. Dokar Birtaniya ta yarda ruwan sha ya ɗauki har miligiram 50 a lita. Masu murjani kuwa galibi suna neman tsakanin 2 da 10. Na biyu fosfet. Kamfanonin ruwa a Ingila suna zuba shi da gangan a yawancin ruwan famfo, saboda gidajen da aka gina kafin 1970 da yawa suna da bututun dalma, fosfet ɗin ne ke yi wa cikin bututun rufi ya hana dalmar narkewa cikin ruwan da yara za su sha. Alheri ne ga mutane. Ga tanki kuwa taki ne zalla.

Mu yi lissafi. A ce tankinka mai lita 200 yana rasa lita 2 a rana. Lita 60 ke nan a wata. Ruwa ne kaɗai ke tashi, duk abin da ya narke a ciki yana nan zaune. A ce kowace lita ta famfo tana ɗauke da miligiram 1 kacal na fosfet. A wata guda ka zuba miligiram 60, wato 0.3 a kowace lita ta tankin. Masu murjani suna so ya tsaya tsakanin 0.03 da 0.1. Ka ninka iyakar sau uku a wata ɗaya, ba ka ma lissafa abincin kifi ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya gane zancen. Ka watsa taki, ka ba da ruwa, ga rana, sannan ka ce ciyawa ta yi maka rashin kunya.

San maƙiyinka kafin ka sayi makami

Kalmar gansakuka ɗaya ce a bakinmu, amma abubuwan da ke fitowa a tanki sun bambanta, maganinsu ma haka.

Akwai ruwan-ƙasan ƙura da ke rufe yashi da gilashi a sabon tanki. Ana kiranta dayatom, da silika take gina jikinta, kuma takan tafi da kanta idan silikar ta ƙare. Akwai koren gashi, irin wanda ya kama ni. Akwai Bryopsis, mai kama da gashin tsuntsu idan ka duba da kyau, wadda yawancin masu kiwon tanki ba sa ci. Akwai Valonia, korayen ƙwallaye masu sheƙi kamar balan-balan, kowane ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak duk girmansa. Akwai jan yauƙi mai shimfiɗuwa kamar bargo, shi kuma bakteriya ne, sayano ake ce masa, yana son lungun da ruwa ba ya motsi. Sai babban mugu, daino, mai kama da majina ruwan ƙasa da 'yan kumfa a jiki. Wasu nau'o'insa suna da guba har su kashe katantanwa.

A nan na'ura mafi arha ta fi kowace amfani: ƙaramin maikiroskof irin na 'yan makaranta. Ka ɗiga ruwan a gilashi, ka ɗora kyamarar wayarka a bakinsa, za ka ga siffar ƙwayoyin da yadda suke motsi. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda daino nau'in Ostreopsis yana tashi ya shiga cikin ruwa da dare, don haka fitilar UV mai kashe ƙwayoyi tana kama shi. Nau'in Amphidinium mai manyan ƙwayoyi kuwa a yashi yake lafewa, UV ba ta ganinsa. Ka sayi UV ba ka duba ba, caca ka yi.

Hukuncinmu a kan na'urorin

Matatar RO/DI: wajibi ce, ita ya kamata ka fara saya kafin tankin ma. Ruwa yana bi ta matatar laka, ya bi ta gawayi mai cire kulorin, sannan a matsa shi ta wani tantani mai cire kusan kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na abin da ya narke, sai ƙwayoyin rezin su kwashe ragowar har mita ta nuna sifili. Abubuwan lura uku. Tantanin yana son ruwa mai ƙarfi, don haka idan kana saman dogon bene irin waɗanda ke Edmonton Green, ka auna ƙarfin famfonka, wataƙila sai ka haɗa da ƙaramin injin ƙara ƙarfi. Lokacin sanyi aikinta yana raguwa sosai. Kuma tana zubar da ruwa, tsofaffin samfura kusan lita 4 a kan kowace lita ɗaya mai kyau. Ni nakan tara wannan a bokiti in yi goge-gogen ƙasa da shi.

Mitar TDS: arha ce, ka saya. Amma ka san iyakarta. Ba ta gaya maka mene ne a cikin ruwan, jimilla kawai take bayarwa. Idan ta tashi daga 0 zuwa 1 ko 2, canza rezin nan take, don silika da fosfet suna cikin abubuwan da ke fara kuɓucewa idan rezin ya gaji.

Mitar fosfet ta Hanna: wannan ƙaramar na'ura ce mai kama da ƙwai, ka zuba ruwa da garin gwaji, ita ta karanta launin da haske ta ba ka lamba. Ta fi ƙarfin idonka a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ka kula da samfurin da ka saya. HI774 tana ba da fosfet kai tsaye, HI736 kuwa fosforos take bayarwa a ma'aunin ppb, sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000. Mutane da yawa sun rikice a nan. Ka kuma goge kwalbar tas, zanen yatsa kaɗai yana sauya sakamako.

Ga tarkon da ke cikinta. Tanki cike da gashi kore, mita ta ce sifili. Ba ta lalace ba. Gansakukar ce ke shanye fosfet da zarar ya shigo, mita kuma abin da ya rage a ruwa kawai take gani. Sannan duwatsu da yashi suna riƙe fosfet kamar fawa bank. Watannin da na yi ina zuba ruwan famfo caji nake musu. Da na tsabtace ruwan sai suka fara sakin abin da suka tara. Shi ya sa gyara ke ɗaukar watanni, babu saitin da zai gajarta shi.

Skima: injin da ke haɗa kumfa, datti ya manne a kumfar ya taru a kofi kafin ya ruɓe ya zama taki. Warin kofin ba a magana, amma duk abin da ka zubar, abincin gansakuka ne ka raba ta da shi. Ya cancanci kuɗinsa.

GFO: jan gari ne dangin tsatsar ƙarfe, yana kama fosfet. Yana aiki sosai, har ya wuce gona da iri. Fara da rabin abin da aka rubuta ko ƙasa da haka, don saukar fosfet farat ɗaya tana gigita murjani.

Ɗakin ciyawa: ƙaramin sashe a tankin ƙasa inda ake shuka wata ciyawar teku mai kama da soson ƙarfe, Chaetomorpha, da 'yar fitilarta. Tana gasa da muguwar gansakuka wajen cin taki, kai kuma kana yagar rabinta kana zubarwa lokaci-lokaci. Ana kunna fitilarta da dare idan ta sama ta mutu. Gaskiya wannan dabara ta fi burge ni, don da ƙyar take jan wuta.

Fitilar LED mai manhaja: tana da kyau, murjani yana bukatarta, amma ba ta maganin gansakuka. Awa 8 zuwa 10 sun isa, kuma ka rage farin haske. Ka daina taɓa saiti kullum kamar kana gwada sabuwar waya. Ka kuma lura da taga. A watan Yuni yinin Landan yana wuce awa 16, idan rana na dukan gilashinka duk jadawalin manhajarka ya tashi a banza. Kashe fitila kwana uku yana rage wasu nau'o'in, amma idan takin yana nan, dawowa suke.

Kwamfutar tanki irin su Neptune Apex: tana lura da zafi da sauran ma'aunai, ta kunna ta kashe, ta turo maka gargaɗi a waya. Ga mai yawan tafiya alheri ce. Ga mai fama da gansakuka, za ta zana maka kyakkyawan jadawalin yadda kake shan kashi ne kawai. Ka bar ta sai daga baya.

Garin neman ƙiba

Da na gane fosfet ne matsala, sai na ɗauke shi maƙiyi. Na cika GFO, na rage abincin kifi, na ƙure skima. Mita ta nuna sifili a fosfet, sifili a naitiret, na ji ni gwani. Sai murjani ya fara kodewa, don tsirran cikinsa ma yunwa suke ji. Bayan haka majinar daino ta bayyana a yashi. Masu wannan harka sun daɗe da lura cewa daino ya fi samun fili a tankin da aka ƙwaƙule takinsa tas, lokacin da sauran ƙananan halittu masu gasa da shi suka raunana. Sai da na cire GFO, na koma ciyar da kifi yadda ya kamata, na bar lambobin suka ɗan tashi, sannan abubuwa suka daidaita. Abin da ake nema lamba ce ƙarama wadda ba ta tsalle-tsalle, ba sifili ba.

Ma'aikatan da ba sa jan wuta

Wannan darasi a Landan aka fara rubuta shi. A 1850 wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Robert Warington ya gabatar da sakamakon gwajinsa: ya sa ƙananan kifaye biyu da wani tsiron ruwa a babban gilashi, ganye ya fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, koren yauƙi ya fito. Sai ya jefa 'yan katantanwa, suka cinye, ruwan ya washe. Ruwan daɗi ne nasa, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Teku ma ta tabbatar. A 1983 zuwa 1984 wata cuta ta kashe mafi yawan bushiyar teku nau'in Diadema a yankin Karibiyan, ita ce babbar mai kiwon gansakuka a wurin. A Jamaika, inda dama an kame kifayen da ke cin ciyawa kuma guguwa ta yi ɓarna, binciken Terry Hughes na 1994 ya nuna murjani ya faɗo daga kusan kashi 50 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 5, ciyawar teku kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa 92.

A tanki, katantanwa nau'in Trochus tana aiki tuƙuru, kuma idan ta kife tana iya miƙewa da kanta. Ƙaramar bushiyar teku tana kankare dutse tas, sai dai takan ɗauki duk guntun da ba a manne da kyau ba ta yi yawo da shi. Kifin tang gwanin kiwo ne, amma lita 200 ta yi masa kaɗan, kada ka zalunce shi. Kuma katantanwa ba ta iya cin dogon gashi, sai ka fara tsige shi da hannu kana zuƙewa da tiyo. Kai ne mai noman firi, su ne masu maimai. Kada ka tara su da yawa, in ciyawa ta ƙare yunwa za ta kashe su, gawarsu ta koma taki.

Gargaɗi mai muhimmanci

Idan za ka fito da dutse ka goge, sa safar hannu da tabarau. Wasu murjani masu laushi dangin Palythoa suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafiya ƙarfi da aka sani. A 2018 a ƙauyen Steventon da ke Oxfordshire, mutum 10 aka kai asibiti, har da 'yan kwana-kwana, bayan an goge irin wannan dutse a cikin gida. Kada ka taɓa dafa dutsen tanki ko ka zuba masa tafasasshen ruwa, tururin ne ke shiga huhu.

To fasaha ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi ƙwarai. A gidan tarihi na Horniman da ke Forest Hill a kudancin Landan, Jamie Craggs da abokan aikinsa sun yi amfani da kwamfutar tanki da fitilun LED suka kwaikwayi zafin teku, tsawon yini da hasken farin wata na wurin da murjanin ya fito, har a 2013 murjaninsu ya saki ƙwai a cikin tanki a tsakiyar birni. Amma waɗannan mutane sun riga sun gama da zancen ruwa mai tsabta kafin su kai ga farin wata. Ni da farin watan na fara.

Ga 'yan uwa na Kano, Abuja ko Yamai masu sha'awar gwadawa, ƙa'idar ba ta canza ba: auna ruwan rijiyar burtsatse ko na famfonku, ku tace shi. Sai dai ku akwai ƙarin abu biyu. Murjani yana son zafi kusan digiri 25 zuwa 26, don haka a watan Afrilu sai da injin sanyaya ruwa. Kuma idan aka ɗauke wuta ruwa ya daina motsi, cikin 'yan awanni iskar shaƙa ke ƙarewa. Inbata da sola suna gaba da kifin farko.

Da zan sake farawa, ga jerin sayayyata: RO/DI da mitar TDS, mitar fosfet da kayan gwajin naitiret, skima, katantanwa, sai fitila daidai aljihu. Canjin ruwa kashi 10 cikin ɗari duk mako, tsigar gashi duk Asabar, abu ɗaya kawai nake canzawa a lokaci guda in jira mako biyu in ga sakamako. Tankina ya ɗauki kusan wata biyar kafin duwatsu su fito fes. A bidiyo na gaba za mu kwance matatar RO/DI gaba ɗaya, in nuna muku yadda ake haɗa ta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba tare da mai gida ya kira ku ba. Sai mun haɗu.